Fiza ba nama ba cuku: yadda aikin yake tafiya a Damagaram

9 ga Nuwamba 2024

Abin da ake nema shi ne fiza mai faɗin santimita 28 zuwa 30, ƙasanta a gashe ƙayau, bakinta a kumbure, ba nama, ba cuku, ba ƙwai, ba madara, kuma duk kayan haɗinta a same su a Kasuwar Dole ko a shagon unguwa. Wadda za a riƙa auna komai da ita ita ce marinara ta birnin Napoli a Italiya: kwaɓi, tumatir, tafarnuwa, ganyen origano da man zaitun, shi ke nan. Tun asalinta ba ta da cuku, kuma ƙungiyar masu fizar Napoli da aka kafa a 1984 tana lissafa ta tare da margarita, wato fiza mai cuku, a matsayin na asali. Can tanderunsu yana haura digiri 430, fiza ɗaya ba ta wuce daƙiƙa 90 a ciki. Wannan zafin shi ne abin da ba mu da shi tukuna.

Kwaɓin farko, na curi shida: fulawar burodi kilo 1, ruwa mililita 620, gishiri giram 25, busasshen yis giram 3 wato ƙaramin cokali ɗaya a shafe, man gyaɗa babban cokali biyu. A auna da sikeli. Gwangwani da kofi suna ruɗi, don fulawar da aka danna da wadda aka tankaɗe ba nauyinsu ɗaya ba. Ana narkar da gishiri a ruwa, a zuba kusan rabin fulawar a dama, sannan yis, sannan sauran fulawar, mai a ƙarshe. A cuɗa sama-sama, a rufe minti 20, sannan a murza minti goma. Hutun nan na minti 20 yana rage wahalar murza sosai, domin fulawa tana shan ruwa da kanta kuma danƙonta ya fara haɗuwa. Awa biyu a dunƙule ɗaya, sannan a yanka curi shida na giram 275, a jera a roba mai murfi su ƙara awa huɗu zuwa biyar.

16 ga Nuwamba

An gwada kaskon ƙarfe mai kauri a kan gaz, da murfi. Ƙasa ya gasu cikin minti huɗu, sama kuwa ya tsaya fari fat, miyar ta yi gumi a ƙarƙashin murfin ta koma ruwa. Zafi daga ƙasa kaɗai yake zuwa, tururi kuma ba shi da mafita. Da aka koma babbar tukunyar dalma, da garwashi a ƙasa da kuma a kan murfi kamar yadda masu kek suke yi, abin ya gyaru: kashi ɗaya na garwashin a ƙasa, kashi biyu a sama, a ɗan karkata murfin tururi ya fita, minti tara zuwa goma. Ana ci, amma minti goma ya yi wa kwaɓi mai laushi yawa. Bakin yana bushewa ya yi tauri kafin ya yi ja.

23 ga Nuwamba

Miya. Ɗanyen tumatir fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, kuma a fizar da ba cuku babu abin da zai tare wannan ruwan. Markaɗe a inji shi ne mafi muni: yana fasa ƴaƴan, yana sa iska, miyar ta fito fara-fara da kumfa da ɗan ɗaci. Hanyar da ta yi ita ce a tsaga gindin kowane tumatir, a tsoma a tafasasshen ruwa daƙiƙa 30, a jefa a ruwan sanyi, a ɓare, a matse ƴaƴan, a murƙushe da hannu, a zuba a rariya minti 30 ruwan ya tsane. Kilo ɗaya yana komawa kusan rabi. A sa gishiri giram 5 da man gyaɗa cokali ɗaya. Ba a dafawa idan tanderu mai zafi za a shiga. Idan tukunya ce, a ɗan dafa minti goma ya yi kauri.

Giram 80 a kan kowace fiza, wato ƙaramin ludayi ɗaya. Hannun da ya saba da miyar tuwo zai ga kamar rowa ce, amma ƙari a kan haka yana jiƙa tsakiya.

Kanwa kada ta zo kusa. Tana kashe tsami, gaskiya ne, amma tana mai da jan tumatir ruwan ƙasa, ta bar ɗanɗanon sabulu. Idan tumatir ya cika tsami, a jiƙa busasshen tumatir giram 20 a ruwan ɗumi, a wanke ƙasar da ke jikinsa sosai, a daka a haɗa. Yana ƙara kauri da zaƙi a lokaci guda. Dunƙulen ɗanɗano kuma a duba takardarsa, akwai masu kaza ko jatan lande a ciki. Rabin ƙaramin cokali na dakakkiyar daddawa a cikin miyar fiza shida ya isa ya ba da zurfin da ake nema ba tare da warinta ya fito ba.

30 ga Nuwamba

Mai walda ya yanko farantin ƙarfe, santimita 35 a kan 35, kaurin milimita 6, nauyinsa ya kusa kilo 6. Baƙin ƙarfe tsantsa, ba mai ruwan kwano ba, ba mai fenti ba, ba kuma gindin durom da ba a san abin da ya taɓa ɗauka ba. Mai ruwan kwano idan ya yi zafi yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. An jiƙa shi kwana ɗaya a ruwan tsamiya mai ƙarfi, an goge baƙin ɓawon da ke kansa, an shafa mai siriri an ƙona. A cikin obin na gaz, bayan ya sha zafi minti 45, fiza tana fita cikin minti shida da ƙasa mai kyau. Ga wanda yake da obin a gida, nan za a iya tsayawa. Ga mai son tabon wuta a baki, sai an gina tanderu.

8 ga Disamba

Gwajin ƙasa kafin gini. An kwaɓa yumɓu da yashi kashi uku daban-daban: ɗaya da ɗaya, ɗaya da biyu, ɗaya da uku. Daga kowanne an yi ɗan bulo, an ja layi na santimita 10 a kansa, an shanya a inuwa. Na ɗaya da ɗaya ya tsuke da kusan rabin santimita ya tsage. Na ɗaya da uku yana marmashewa a hannu. Na tsakiya ya tsaya lafiya, shi za a bi. Yumɓun kowane kududdufi da halinsa, don haka wanda zai gina a Garin Malam ko a Mirya ya yi nasa gwajin, kada ya ɗauki wannan awon a matsayin doka.

14 zuwa 22 ga Disamba

Dakali mai tsayin santimita 80 da dutse da laka, dutse kuwa ba a rasa shi a Zinder. A samansa an kwantar da kwalabe ba komai a cikinsu, an cike tsakaninsu da laka mai ƙaiƙayi, kaurin santimita 10. Iskar da ke cikin kwalaben ce take hana zafi zurarewa ƙasa. Sai yashi santimita 2, sai jan bulo gasasshe a jere dab da dab, ba siminti ba laka a tsakani. A bi da tafin hannu: duk bulon da ya ɗaga kai ko da milimita biyu ne zai riƙa kama bakin allon ɗauka, wato wanda ake sa fiza a tanderu da shi, a buga shi ya zauna tun yanzu.

Faɗin ciki santimita 75. An tara jiƙaƙƙen yashi a kan bulon, an siffanta shi tulluwa mai tsayin santimita 42, an lulluɓe da jiƙaƙƙiyar takardar buhun siminti don a gane iyaka ranar kwashewa. A kansa aka ɗora yumɓu da yashi, kaurin santimita 8, daga ƙasa ana hawa zobe-zobe, ana danna kowane curi a kan na ƙasansa ba a kan yashin ba. Wannan rufin na ciki ba a sa masa ciyawa ko ƙaiƙayi, domin shi ne zai riƙe zafi kuma ana son sa da nauyi. Siminti ma ba shi da wuri a ciki, wuta tana farfasa shi.

Ƙofa ita ce inda aka fi yin ɓarna. Tsayinta ya zama kusan kashi 63 cikin 100 na tsayin tulluwa, a nan santimita 26, faɗi 36. Idan ta fi haka tsawo zafi yana ficewa da hayaƙi, idan ta gaza iska ba ta shiga wuta ta shaƙe. Da wannan awon iska mai sanyi tana shiga ta ƙasan ƙofa, hayaƙi yana fita ta samanta, ba a buƙatar bututu.

An kwashe yashin bayan yumɓun ya yi ƙarfin da yatsa ba ya lotsa shi. Iskar hunturu tana busar da waje tun ciki yana ɗanye, shi ya sa tsaga biyu suka fito a gefen gabas inda iskar take bugawa. An cike su da kwaɓin iri ɗaya, an rufa buhunan algarara masu laima. Rufi na biyu, laka mai ruwa-ruwa da ƙaiƙayin gero mai yawa, santimita 10, shi ne bargon.

5 ga Janairu 2025

Ƙananan wutoci na karan gero, rabin awa kowace yamma, har tururi ya daina tashi daga bango. Siraran tsaga irin na gashi sun fito a ciki. Ba komai, suna buɗewa da zafi su rufe da sanyi.

Itace: busassun rassan sabara da na dogon yaro, masu kaurin da bai wuce damtsen yaro ba. Sirara sun fi gungume, don harshen wuta ake so ba tarin garwashi ba. Katakon da aka yi wa fenti da guntun filawud ba su shiga. Gawo kuwa ba a ma kawo maganarsa, a ƙasar da tun zamanin Sarki Tanimu aka hana sare shi.

12 ga Janairu

Wuta ta farko ta gaske. Ana hura ta a tsakiya. Da farko tulluwar tana yin baƙi ƙirin da kunkunniya, bayan awa ɗaya da ƴan mintoci baƙin ya fara washewa daga sama yana saukowa. Idan ya washe har ƙasa, bango ya ƙoshi. Sai a tura garwashin gefe ɗaya, a share bulo da ɗan tsumma mai laima a kan sanda, a jira minti goma zafin ya daidaita, a ɗora siririn itace ɗaya a kan garwashin don harshe ya riƙa lasar sama. Ba ma'aunin zafi, sai gwajin gari: a watsa ɗan fulawa a kan bulo. Idan ta yi baƙi nan take, a dakata. Idan ta yi ja cikin daƙiƙa goma zuwa sha biyar, a sa fiza. Idan ta kai rabin minti ba ta canza ba, a mayar da garwashi wurin.

Marinara ta fita cikin minti biyu, da juyi ɗaya a tsakiya. Bakin ya tashi da kumfa-kumfa masu tabon baƙi, tafarnuwar da aka yanka siriri ta yi laushi a cikin man, ba ta ƙone ba. Origano ba kullum ake samu ba. Busasshen tayim yana tsaya masa, ɗoɗɗoya kuma ɗanyen ganye biyu ko uku bayan an fitar.

An gwada ɗora farantin ƙarfen nan a cikin tanderun, ƙasan fizar ya zama gawayi kafin sama ya motsa. Ƙarfe yana miƙa zafi da sauri ninkin-ba-ninkin fiye da bulo. Wurinsa obin mai digiri 250 zuwa 300.

Abu biyu game da kwaɓi a wannan sanyi. Dare yana sauka ƙasa da digiri 15, don haka curi yana iya kwana a ɗaki da yis giram 1 kacal a kilo, awa 16 zuwa 18, kuma ɗanɗanonsa ya fi na yini ɗaya nesa ba kusa ba. Na biyu, fulawa ta bushe da iska, tana neman ruwa 640. Curin da aka bari a buɗe minti biyar yana yin ɓawo, ɓawon kuma shi ke yagewa wurin faɗaɗawa. Ba a murza shi da kwalba. Da yatsu ake dannawa daga tsakiya zuwa waje, a bar santimita ɗaya da rabi na baki ba a taɓa ba. A barbaɗa wa allon ɗauka ɗan garin shinkafa, kaɗan, don wanda ya yi yawa yana ƙonewa ya yi ɗaci. Daga ɗora miya zuwa shiga wuta kada a wuce minti ɗaya, in ba haka ba kwaɓin ya manne.

26 ga Janairu

Madadin cuku. Cukun madara yana narkewa ya ja zare saboda sinadarin kasin da kitsen da ke cikinsa, waken suya ba shi da wannan, don haka awara ba za ta narke ba ko a yi mata yaya. Da aka marmasa ta a kai kamar cuku, ta bushe ta zama tsakuwa-tsakuwa. Da aka yanka ta fala-fala, ta saki ruwa.

Abin da ya yi shi ne a mai da ita kirim. Ɗanyar awara wadda ba a soya ba giram 250, a saya da safe kafin mai awara ta ɗora kasko, a tabbatar ba ta sa dunƙule ba. Ruwa mililita 200, man gyaɗa babban cokali uku, sitacin rogo babban cokali biyu, ruwan lemun tsami cokali ɗaya, gishiri giram 5, tafarnuwa ƙwaya ɗaya. A markaɗa har ba gudaji, a ɗora a wuta kaɗan ana juyawa ba tsayawa. Wajen minti huɗu zai fara guda-guda, kada a tsorata, a ci gaba, minti biyu bayan haka zai haɗe ya yi sheƙi ya riƙa bin cokali. Sitacin rogo ne yake ba da wannan jan. Garin masara yana yin kauri amma ba ya ja. Idan aka kai sitacin cokali huɗu, abin yana komawa danƙo mai manne wa haƙori.

Yadda ake ɗora shi ya fi yadda ake haɗa shi muhimmanci. Shimfiɗa shi ko'ina yana rufe miya, tururi ya rasa hanya, a sami tsakiya ɗanye. Ɗigo shida ko bakwai, kowanne ƙaramin cokali ɗaya mai tozo, jimilla giram 60, da tazara tsakaninsu, sai ɗan mai a kai don su yi ja.

An gwada na ɗanyar gyaɗa: giram 150 a jiƙa ta kwana, a cire jan ɓawon, a tafasa minti goma don warin ɗanye ya fita, a markaɗa da ruwa 150 da lemun tsami da gishiri. Ya fi na awara maiƙo da gardi, kuma yana yin ja da kyau, sai dai yana danne tumatir. A tsince gyaɗar sosai, duk ƙwayar da ta yamutse ko ta yi fumfuna a zubar, gubar da ke cikinta wuta ba ta kashe ta. Na aya bai yi ba, zaƙi ya yi yawa ga kuma dusa.

9 ga Fabrairu

Kayan lambu sun cika kasuwa, daga Mirya da Gidimuni, tumatir ya yi araha. Ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da ke da ruwa a rage masa kafin ya hau, kuma kada a wuce iri uku a fiza ɗaya, giram 100 gaba ɗaya.

Albasa ƴar Galmi a yanka siriri sosai, a murza da gishiri da ɗigon mai, tana shiga ɗanya. Tattasai a gasa shi a bakin tanderu lokacin da ake hura wuta, a ɓare baƙin, a yayyanka. Garin jan tattasai na Difa ƙaramin cokali ɗaya a cikin man da za a yaryaɗa yana ba da launi da ƙamshi. Babban baƙin gauta, obarjin, a yanka rabin santimita, gishiri minti 20, a matse, a gasa tukuna, domin minti biyu ba sa dafa shi. Kabewa ma haka, kuma ita da kirim ɗin gyaɗa da yaji ba tumatir sun yi fiza mai kyau ƙwarai. Ganyen zogale a sama yana ƙonewa ƙurmus cikin daƙiƙu. Sai a tsoma shi a tafasasshen ruwa minti biyu, a matse, a daka da soyayyar gyaɗa da tafarnuwa da mai da lemun tsami, a ɗiga bayan an fitar da fiza. Ƙuli-ƙuli dakakke shi ma bayan fitarwa, babban cokali ɗaya. Shi ne ya fi komai cike gurbin gishiri da gardin da ake nema a cuku, kuma ba ya buƙatar wani aiki.

Ci: a ba ta minti ɗaya a kan raga ko faifai don ƙasa ya sha iska, faranti yana sa ta gumi. A yanka huɗu da almakashi, a naɗe a ci da hannu tun da zafi. Bayan minti goma kirim ɗin awara yana daskarewa. Idan mutane da yawa ne, gara a riƙa rabawa ɗaya bayan ɗaya da tana fitowa, da a tara a jira kowa. Soɓo mai citta marar sukari da yawa ya fi lemun kwalba tafiya da ita. Wanda kuma ya bar kayan dabba gaba ɗaya, ba a fiza kaɗai ba, ya san cewa babu bitamin B12 a cikin ko ɗaya daga waɗannan, sai ya nema daban.

15 ga Maris

Azumi. Ana kwaɓi bayan sahur, a hura wuta bayan la'asar, fiza ta farko ta fito bayan an sha ruwa an yi magariba. Zafin rana ya fara, yis ya koma giram 2 duk da yini ɗaya ne. Mai azumi ba ya gyara gishiri da harshe, sikeli ya yi ranarsa. Curi na giram 180 ya fi dacewa, don cikin da ya sha kunu ba ya ɗaukar babba. Bayan an gama, sauran zafin yana gasa dankali da kabewar gobe, a toshe ƙofa da katako mai laima.

12 ga Afrilu

Bazara, rana tana haura digiri 40. Aikin yis yana kusan ninkawa da kowane ƙarin digiri goma, don haka kwaɓin da ya yi awa 16 lafiya a Janairu yanzu cikin awa biyar ya wuce: curi ya baje, ya yi warin tsami, yana yagewa, kuma ba ya yin ja a wuta domin yis ya cinye sukarin. Firji yana magance wannan idan kuran bai ɗauke ba, amma ba a gina lissafi a kansa.

Gyaran da ake bi yanzu: yis giram 1, ruwa ya koma 600 kuma kashi ɗaya cikin ukunsa ƙanƙara ce, gishiri 28 don yana rage wa yis gudu, murza minti shida kawai saboda hannu ma yana ɗumama kwaɓi. Ana so ya bar hannu a kan digiri 24 ko kusa. Sannan robar curin ta shiga tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani da jiƙaƙƙen buhu a sama, dabarar da malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a shekarun 1990. A busasshiyar iska irin ta yanzu tana aiki sosai, curi yana kai awa takwas bai lalace ba. A zuba wa yashin ruwa safe da azahar. Ɗanyar awara ba ta yini a wannan zafi, a haɗa kirim ɗin da hantsi a sa shi a tukunyar tare da curin.

Tumatir ya fara tsada yana kuma raguwa. Miyar watanni masu zuwa za ta koma rabi busasshe rabi na gwangwani, ba a gama daidaita awonta ba, na gwangwanin yana saurin ƙonewa a gefe idan ba a sassauta shi da ruwa ba. Kafin ruwan farko kuma tanderun yana buƙatar rumfar kwano mai tazarar mita ɗaya daga samansa, da yaɓen makuba irin na maginan Birni. Ba za a shafe shi da siminti ko a naɗe shi da leda ba, domin laimar da ke cikin bango tana buƙatar hanyar fita. An yi magana da magini, zai zo ya duba tsagar da ke saman ƙofa kafin a yi yaɓen.